Kawu da Mangwaron Bakin Dam

A shekarar da gwamnati ta janye tallafin man fetur, injinan ban ruwa suka yi tsit a fadamun ƙasar Shagari, a cikinta ne Kawu ya ba da shaidar da ta hana shi sukuni har ƙarshen ransa. Bana kuma, ana gab da yankan shinkafa, Mai shi ya karɓi abinSa. Daga gare Shi muka fito, can kuma dukanmu muka dosa. Kawu yayan mahaifiyata ne, a gidansa na tashi, kuma 'ya'yansa ne suka ce in rubuta abin da na sani tun ba a manta ba. Na fara da ajami yadda hannuna ya saba, suka ce jikoki ba za su iya karantawa ba, na sake da boko.

Ranar jana'iza, bayan an daidaita sahu a filin bayan masallaci, liman ya yi sanarwar da aka saba, cewa duk mai bin mamaci bashi ya nemi iyalinsa. Ba wanda ya zaci za a amsa, domin Kawu ko goro ba ya ci bashi. Sai babban ɗansa ya matso, ya ce uwarsu ta aiko daga cikin gida a shaida wa jama'a akwai bashi, ba kuma na kuɗi ba ne, yana nan tsaye bayan ɗaki cikin bokitai. Wasu suka sunkuyar da kai, wasu suka waiwaya wajen hanyar Bodinga. Kowa ya san abin da ake nufi, kowa kuma ya lura mai bashin bai zo ba.

A wurin zaman makoki magana ta rabu. Tsofaffin da suka tashi tare da shi suna ta cewa yau dai an ga ranar da ya kwanta bai zabura ba. Mutanen ƙarshen magudanar ruwan dam, na wajen Mandera, sun zo da yawansu, suka zauna a gefen tabarmi, suka yi addu'a mai tsawo. Da za su tashi ɗayansu ya ce, ba da ɗaga murya ba, su sun yafe masa duniya da lahira, amma gonakinsu na nan a bushe yadda ya bar su. Gaskiya kuwa ya faɗa. Ni kuwa na kasa zama wuri guda. In na zauna a zaure sai in tashi in leƙa hanya, in na tsaya a hanya sai in koma bayan ɗaki in dubi bokitan. Mun karanta tun muna yara cewa ran mumini yana rataye da bashinsa sai an sauke masa. Mutumin da bai huta a duniya ba, ban so a ce can ma bai samu ya sake ba.

Kawu ba ya zama. Uwargidansa, wadda muke kira Inna, ta ce tun da aka kawo ta gidan ba ta taɓa ganin ya shanye ƙwaryar fura a zaune ba. Yakan kurɓa, ya tashi ya gyara danga, ya dawo ya kurɓa, ya tuna akuya. In ya je gaisuwa yana tsaye yake yin ta, takalmi ɗaya a ƙafa. A masallaci kaɗai jikinsa ke lafawa, nan ma da an sallame za ka ji carbinsa na ƙara ya nufi ƙofa.

Ba shi da sarauta, ba shi da ilimi mai zurfi. Abin da aka san shi da shi a ƙauyukanmu shi ne shaidar aron gona. In mutum zai ba wani aron gona, Kawu ake kira. Zai zagaya iyaka da su biyun yana gaba suna haki a baya, sa'an nan ya tsaya ya faɗa wa mai aro sharaɗinsa, wanda yaran gari ma sun haddace:

"Ka noma, ka kai taki, ka girbe abinka. Kada ka dasa icce. In kaka ta yi, ka ɗauko dami guda bisa kanka, da rana tsaka, ka kai ƙohwar mai gona, ka ce da bakinka aro na."

A wurinmu wanda ya dasa itace a ƙasa ya ce ƙasar tasa ce ke nan. Gero shekara guda yake yi a tafi da shi, itace kuwa yana nan bayan mai gona da mai aro da shaidunsu duk sun shiga ƙasa. Kawu bai koyi wannan a bakin kowa ba. Mahaifinsu ya taɓa ba wani maƙwabci aron gona a wajen Dingyadi, maƙwabcin ya dasa mangwaro a tsakiyarta, aka ga abin bai kai a yi magana ba. Tsofaffin biyu suka rasu. Da Kawu ya je karɓar gonar, 'ya'yan mai aro suka nuna masa itacen suka ce ubansu ya dasa, kuma duk wanda aka tambaya a garin ya ce shi dai ya tashi ya ji ana cewa mangwaron gidan wane. Haka gonar ta tafi. Tun daga ranar Kawu bai ƙara sa mangwaro a baki ba.

Ba hatsin ne ya dame shi ba, wannan na gani da idona. Akwai wani baƙo da ya zo garinmu da iyali ba shi da ko taƙi, Kawu ya ba shi aron gonarsa ta bakin rafi. Kowace kaka mutumin zai taho da dami a ka, Kawu ya tsare shi a ƙofar zaure sai ya faɗi kalmar a gaban mutane, ya karɓa da fuska a ɗaure. Kafin mutumin ya isa gida, damin ya riga shi, an fitar da shi ta ƙofar baya, sau da yawa da ƙwaryar wake a kai. Da Inna ta ce wannan wahalar ta mece ce, sai ya ce shi magana yake karɓa, hatsi kuwa nauyi ne kawai da ke sa mutum ya tuna ya faɗe ta.

Mai bashin da bai zo jana'iza ba taubashinsa ne, ɗan gwaggonsa, babban ɗan kasuwar albasa da hatsi, wanda muke kira Alhajin Bodinga. Tare suka yi kiwo, tare aka yi musu kaciya, kuma ban taɓa ganin taubasan da suka riƙe wasa har tsufa kamarsu ba. Alhaji na kiran Kawu alƙalin kunya, wai hukuncinsa bai wuce kunyar gona ba. Kawu na kiransa buhu, wai ba ya tashi sai an ɗaga shi. Duk bazara, in mangwaro ya nuna, Alhaji zai aiko da kwando cike, a ce a gaishe da mai ƙin mangwaro. Kawu zai raba wa maƙwabta, ya bi gida gida ya tattara ƙwallayen, ya zuba a kwandon ya mayar Bodinga, a ce wa Alhaji ga uwar dukiyarsa nan, riba ce kawai aka ci. Shekara da shekaru ana haka.

To, akwai wani ƙaramin dam na gwamnati a yammacin garinmu, da magudanar da aka gina tun muna samari. Yashi ya cike ta, babban injin ya daɗe da mutuwa, kowa ya koma jan ruwa da ɗan injinsa. Da mai ya yi tsada, wannan ma ya gagara. A ranin nan na ga magidanta zaune a gindin bango da hantsi, ga ruwa kwance a dam suna kallo, ga ƙasa, babu abin da zai haɗa su.

Sai labari ya zo cewa gwamnati ta buɗe ƙofa ga masu hali. Mutum zai sa dukiyarsa ya gyara, ya gudanar, manoma su riƙa ba shi wani kaso na amfanin ruwa har wasu shekaru, amma dam da magudana da ƙasa duk na gwamnati ne, ko kayan da ya kafa ma in wa'adi ya cika nan zai bar su. Alhajin Bodinga ya shiga. Mutane suka tsorata. Aka yi ta taro a ƙofar hakimi ana watsewa ba matsaya, domin abin da ke bakin kowa shi ne, yau a ce gyara, gobe a wayi gari ruwan sha ma sai an roƙi mutum guda. Ma'aikacin da aka turo daga Sakkwato ya karanta takarda, ya fassara, ya sake fassarawa, ba wanda ya motsa.

Alhaji ne da kansa ya ce a kira Kawu. Kawu ya zo, ya saurara a tsaye, ya yi wa ma'aikacin tambaya guda, ko an sayar ko ba a sayar ba. Aka ce ba a sayar ba. Ya juya ga jama'a ya ce to wannan ai ba baƙon abu ba ne, aro ne, irin wanda suka sani, sai dai mai gonar ne babba. Ya ce shi ne shaida. A kan wannan kalma tasa mutane suka yarda, ba a kan takarda ba. Ya so a zagaya iyaka yadda aka saba, Alhaji ya yi dariya ya ce shi buhu ne, ba ya zagaya dam da ƙafa. Aka yi dariya aka tashi, ba a faɗi sharaɗi ba. Daga baya Kawu ya sha cewa dariyar nan ce ta cuce shi.

Aiki ya yi kyau, wannan ba mai musu. Aka kwashe yashi, aka ɗaga gaɓar magudana, aka kafa farantan sola jere a kan tudu, ruwa ya taho ba hayaƙi ba ƙara. Rabin farko na magudanar ya samu ruwa a ranin, aka ce rabi na biyu, mai zuwa wajen Mandera, sai an duba aikin farko an amince. Kawu ya fi kowa murna. Kullum yana kan gaɓa, yana kai da kawowa kamar shi aka ba kwangilar.

Da damina ta faɗi, wata safiya ya fita ya tarar da leburori sun jera dashe a kan gaɓar, tun daga bakin dam har inda ido ya tsaya. Ya duƙa ya murza ganye ya sansana. Mangwaro ne.

Bai jira dare ba, bai kuma aika kowa ba. Ya koma gida ya ɗauko amalanke, ya bi dashen ɗaya bayan ɗaya yana tonowa da ƙasarsa, a hankali, kada saiwa ta tsinke, mutane na tsaye a gonakinsu suna kallo. Kafin azahar gaɓar ta koma yadda take. Da la'asar motar Alhaji ta tsaya a ƙofar gidanmu. Ina nan, kuma da farko na ɗauka wasan da aka saba ne, don Alhaji ya fito yana cewa ina ɓarawon mangwaro, ashe mai ƙin ci shi ne mai sata. Kawu bai yi dariya ba.

"Mai aro ba ya dasa icce. Ka sani, gaban idonka anka amshe gonar kawunka."

Alhaji ya ce ba shi ya ƙirƙira ba, yana cikin sharaɗin gwamnati a dasa itatuwa a kan gaɓa don su riƙe ƙasa, in ba a dasa ba ba za a ba shi izinin rabi na biyu ba. Kawu ya ce gwamnati ba ta san al'adar garin nan ba, shi ya sani. Alhaji ya ce takarda ta faɗa ƙarara dam ba nasa ba ne. Kawu ya ce takarda na can Sakkwato cikin akwati, icce kuwa na nan inda yara ke wasa, kuma yaran da za a haifa ba takarda za su tashi su gani ba. Za su ce mangwaron Alhaji, daga nan su ce gaɓar Alhaji, ranar da za su ce ruwan Alhaji babu sauran mai musa musu.

Kawu ya ce abu guda zai warware. In kaka ta yi Alhaji ya ɗauko damin shinkafa a kansa, ya kawo bakin dam, ya faɗa a gaban jama'a cewa aro ne. In ya yi haka, a dasa. Alhaji ya tambaya, cikin gatse, ƙofar wa zai kai, tun da gwamnati ba ta da zaure. Kawu ya ce abin gwamnati na jama'a ne, duk inda jama'a suka taru nan ne zaurenta. A nan fuskar Alhaji ta canja. Ya ce shi da ya zuba abin da ya tara tun ƙuruciya a cikin ruwan da ba zai gada ba, shi za a ɗora wa dami kamar wanda ya zo cin arziki. Ya rantse ba zai sayi wani dashe ba, kuma ba zai karɓi waɗannan ba, sai hannun da ya tuge su ya mayar da su inda ya same su. Kawu ya ce ko an dasa wasu zai tuge. Motar ta tashi ba sallama. A bazarar da ta biyo kwandon mangwaro bai zo ba.

Ba zan ɓoye ba, don mamaci ba ya buƙatar ƙaryarmu, addu'armu yake buƙata: taurin kan nan ya cuci mutane. Masu duba aiki suka zo suka ga gaɓa ba itace, izinin rabi na biyu ya tsaya. Mutanen ƙarshen magudana suka ga na gaba suna yankan shinkafa su suna kallo. Suka zo wurin Kawu, ya ce su je Bodinga. Suka je Bodinga, aka ce su koma wurin Kawu. Hakimi ya kira su biyun, kowanne ya aiko da uzuri. Mutanen da a da in Kawu ya wuce suke tasowa su gaishe shi suka koma ɗaga hannu daga nesa. Ya ji zafin abin. Na sha ganinsa ya tafi har ƙarshen magudana, ya tsaya yana duban busassun gonaki, ya dawo. Amma in an taɓa maganar sai ya ce shi ya ce wa mutane aro ne, in ya zama ba aro ba, da wane baki zai tsaya gaban Allah.

Dashen kuwa bai yar da ko ɗaya ba. Ya nemo tsofaffin bokitai da gwangwanayen fenti da fasassun tukwane, ya sa kowanne a nasa, ya jera bayan ɗakin Inna. Safe da yamma yana ba su ruwa, ruwan da ake sayowa a jarka. Ya yi musu rumfar kara saboda rana, ya kewaye da ƙaya saboda awaki. Inna ta ce ko 'ya'yan cikinsa bai yi wa wannan hidima ba. Abin da ya fi ba mu mamaki shi ne yadda ba ya barin bokiti ya daɗe a wuri guda. Bayan 'yan kwanaki sai ya ɗaga wannan ya mayar can, ya jawo wancan ya kawo nan. Na tambaye shi dalili. Ya ce gindin bokitan duk a huje yake, in aka bar su saiwa za ta fita ta kama ƙasa, ya zama ya dasa iccen wani a gidansa. Dukiyar Alhaji ce, amana ce a hannunsa, ba za ta taɓa ƙasarsa ba.

Ciwon ajalinsa bai daɗe ba. Ƙafafu ne suka fara kumbura, mutumin da ba ya zama ya koma kwance yana kallon rufin ɗaki, yatsunsa na motsi a kan bargo kamar mai jan carbi. Hankalin gida duk ya koma kansa. Ana ba dashen ruwa, amma ba wanda ya tuna da ɗaga bokiti. Ranar da ya ji jikinsa ya yi nauyi ya kira Inna ya ce mata itatuwan nan bashi ne a wuyansa, a faɗa a gaban liman, kada a rufe shi a kan shiru.

Bayan sadakar uku na hau mota zuwa Bodinga. Na sami Alhaji a rumfarsa ta kasuwa, buhunan albasa jibge har sama, yaransa na ciniki, shi yana zaune a can ciki ba ya kallon kowa. Ya rame. Na durƙusa na gaishe shi, na yi masa ta'aziyya, tun da shi ma nasa ne ya rasu. Ya amsa gaisuwar. Sa'an nan ya ce ranar jana'izar ya shiga mota har ya kai mararraba, ya ce wa direba ya juya, don bai san da wace fuska zai tsaya a kan gawar ba. Na ce, Baba, bashi na kawo, ko a karɓa ko a yafe. Ya ce in ya yafe daga nan rumfar, mutumin can ba zai karɓi yafiyar ba, ya san halinsa.

Ya sa aka kawo mini ruwa, ya kori yaran, ya faɗa mini abin da ban zata ba. Ya ce gaskiya ne gwamnati ta ce a dasa itace, amma ba ta ce mangwaro ba. Ma'aikacin ma iccen dogon yaro ya ba da shawara a dasa, ya fi saurin girma, ya fi riƙe ƙasa.

"Ni nic ce mangwaro. Rabi don in tsokane shi. Rabi kuwa, ɗana, duk abin da nis sa wurin ga, ko ƙusa guda ɗiyana ba su gado. Nis so a samu abu guda da za a ce na Alhaji na bayan ba ni. Shi kaɗai yag gane, shi yas sa nij ji haushi."

Da zan tafi ya tambaye ni yaushe za a fara yanka a bakin dam.

Ranar ta zo bayan 'yan makonni. Da hantsi, ana tsakiyar yanka, motarsa ta tsaya a kan hanya, nesa da gaɓa. Ya fito, ya tuɓe babbar riga ya ba direba, ya shiga gonar farko ya ce a ɗaure masa dami. Mai gonar ya ɗaure ƙarami, Alhaji ya ce a ƙara. Aka ɗora masa a ka. Tsoho ne mai jiki, bai ɗauki kaya ba tun yana saurayi, yana tafiya gaɓar na zamewa a ƙarƙashinsa, zangarniya na zuba a kafaɗunsa. Wani ya matso zai tallafa, ya kore shi da hannu. Mutane suka ajiye lauje suka bi shi a baya, har da na ƙarshen magudana da suka zo aikin ƙodago a gonakin wasu. Da ya isa inda ake buɗe ruwa ya sauke damin, ya dafa ƙarfen ƙofar har numfashinsa ya dawo, sa'an nan ya juyo.

"Jama'a, ku shaida. Ruwan ga aro na. Ba nawa ba na, ba na ɗiyana ba na. Ranar da wa'adi yac cika, yadda nis same shi haka nika barin shi."

Liman ya ce an shaida, jama'a suka amsa. Aka ba wa mutanen Mandera damin, su da suka fi kowa jira. Na riga na aika gida, sai ga amalanke ta taho da bokitai, dashen ya kai ƙugu, ganye kore shar. Alhaji ya bi su da kallo, ya ce shi da ya yi rantsuwa a kan hannun da ya tuge, ga shi hannun ya tafi, zai yi kaffararta. Aka miƙo masa na farko don ya dasa, sai ya mai da hannuwansa baya. Ya ce kowane manomi ya ɗauki guda ya dasa daidai gonarsa da hannunsa, shi ba ya taɓa ko ɗaya.

Ana cikin haka babban ɗan Kawu ya matso kusa da ni ya ce akwai saura guda a gida, ya ƙi ɗaguwa, kuma Inna na can tana kuka. Alhaji ya ji. Ya ce a kai shi.

Muka shiga ta ƙofar baya. Duk inda bokitai suka zauna ya bar zobe a ƙasa, sai guda ɗaya a lungu, wanda ya fi sauran tsawo. Bokitin ya tsage, saiwa mai kaurin yatsa ta fita ta gindinsa ta shige ƙasar gidan. Inna na cikin takaba, daga bayan labule take magana. Ta ce laifinta ne, jinya ta ɗauke mata hankali, ga shi abin da ya fi tsoro ya faru, iccen wani ya kama ƙasarsa. Ta ce in an yarda a sare saiwar a ba Alhaji abinsa, kada a bar bawan Allah da saura.

Alhaji ya duƙa da ƙyar, ya kama bokitin ya girgiza. Bai motsa ba. Sai na ga kafaɗunsa na rawa, na kasa gane dariya yake ko kuka.

"Alƙalin kunya," ya ce, yana duban ƙasa, "ga iccena cikin gidanka. Bisa hukuncinka, gidan ga nawa na."

Ya share fuska da hannun riga, ya miƙe, ya ce mu matso mu shaida, ni da babban ɗan da liman. Ya ce sauran ya karɓa, sun isa hannunsa lafiya, sun ma fi yadda aka ɗauke su. Wannan kuwa ya ba taubashinsa kyauta, halak malak, duk wanda ya ci Allah Ya kai ladan kabarinsa, Ya shimfiɗa masa, Ya ba shi zaman da bai yi a duniya ba. Muka ce amin.

Daga bayan labule Inna ta ce to in ya fara 'ya'ya, na farko za ta aika Bodinga kowace shekara.

"A'a," in ji Alhaji. "Wanda anka ba aro shi ka kai dami. Wannan nashi na. Ba ni bin shi komi."